Amsa: Daben katakon haɗi a ɗakin kwana, zai yi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daben katakon haɗi, wato allunan dabe na filawud da aka manna wa fatar katako a sama, ya dace da ɗakin kwana, da abin da za ka duba kafin ka saya. Ya dace sosai, don ɗakin kwana ba ya shan ruwa ko yawan tattaki.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne kaurin fatar saman, wato ainihin katakon da aka manna a kan filawud. Wani ko milimita 1 bai kai ba, wani ya kai 6. Nemi mai milimita 3 zuwa 4, domin idan ya tsufa ya yi zane-zane, ana iya kankare shi a sake masa shafi. Siririn nan kuwa, da ya goge shi ke nan. Kuma kada a cusa maka laminet, shi hoton katako ne kawai a samansa.

Filawud ɗin da ke ƙasa an gicciya shimfiɗunsa ne, shi ya sa bai cika kumbura ko tanƙwarewa ba idan yanayi ya sauya. Duk da haka ba ya ga maciji da danshi. In simintinka sabo ne, bari ya bushe ƙarau, a shimfiɗa ledar tare danshi da soson ƙasa mai rage ƙarar tafiya. A ajiye katakon kwana biyu ko uku a ɗakin kafin a sa, a kuma bar tazarar kusan milimita 10 a gindin bango.

Tunda nan za ka riƙa kwana, tambayi ko gam ɗinsa ya cika ƙa'idar E1 ta ƙarancin hayaƙin fomaldihayid, wani sinadari mai cutarwa da wasu gam ke fitarwa. Ni dai na fi son shafi marar ƙyalli, ya fi ɓoye ƙura da sawun ƙafar gado.