Amsa: Me zan fara saya kafin tashin farko?

Malam, ka tambaya ko laimar saukar gaggawa ce za ka fara saya wa ƙaramin jirgin da kake haɗawa a gareji. Ni dai da na'urar gano iskar kabon monoksayid, wato iska mai guba da ke cikin hayaƙin injin, zan fara. Ba ta da tsada, iskar kuwa ba ta da wari; salansa na tsagewa, hita zai turo ta ciki, sai ciwon kai da jiri kana sama. Bayanta sai bel mai riƙe kafaɗu.

Tunda kana Amurka, shiga reshen EAA, ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage da kansu, mafi kusa da kai. Ƙwararrunsu kan zo su duba aikinka kyauta. Don Allah kada ka rufe fikafikan sai sun ga wayoyi da bututun mai.