Tambayi Majo: Kawuna ya rantse ba zai sake taka asibiti ba

Tambaya: Baba Majo, ina gaisuwa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekararsa 67. Ɗan daudu ne tun ƙuruciya. Shekara arba'in yana tuwo da suyar kaji a bakin tasha, da wannan tukunyar ya biya mini lakwal. Ba mata, ba ɗa. Yanzu ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari sau biyar cikin dare, ga miki a babban yatsan ƙafa wata biyu ya ƙi warkewa. Bara ya je wani asibiti, yaran ma'aikata suka riƙa kwaikwayon maganarsa, suna cewa "ga Hajiya ta iso". Ya rantse ba zai koma ba. Wurin masu talla yake sayen ƙwayoyi. Yaya zan yi?
Wata ɗiya daga Bagalam, Maradi

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Mikin nan ne ya fi tayar mini da hankali. Rama, ƙishirwa, yawan fitsari da mikin da ya ƙi rufewa, duk alamun ciwon suga ne, amma awo kaɗai zai tabbatar. A kwana awa takwas ba a ci komai ba, a ɗiba jini. In sugan da ke cikin jinin ya kai 1,26 g/l har sau biyu, ciwon suga ne. A auna tansiyo ma, 14/9 zuwa sama hawan jini ne. Suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai ji ba, jini kuma ya daina isa yatsu sosai. Mikin da ake wankewa yau, in aka bar shi, wuƙa ce ke raba mutum da ƙafar. Ya bar tafiya ba takalmi, kada a barbaɗa toka ko garin magani. Ƙwayoyin talla kuwa, dexaméthasone tana ƙara suga, diclofénac tana cin ƙoda.

Abin da aka yi masa ya ba ni kunya, don rigata ce yaran nan ke sanye da ita. Na daɗe a wannan aiki, na ga yadda ake yi wa irin su kawunki: ko a yi musu dariya, ko da ganinsu a ce sida ce, a manta tsoho ne mai zuciya da ƙoda kamar kowa, wanda ya sha hayaƙin itace shekara arba'in. Sai su daina zuwa, sai ranar da aka kawo su a amalanke. Awon sida yana da kyau ga kowa, ni ma na yi, maganinta kyauta ne a Nijar. Amma kada ya zama shi kaɗai za a yi masa.

Ki raka shi da ƙafarki. Ki nemi majon wurin a keɓe tun kafin a kira shi, ki ce dattijo kika kawo, kina so a duba shi a rufe ƙofa. Sirrin maras lafiya amana ce a wuyanmu, kuma ba dole ne ya ba da labarin rayuwarsa ba, sai abin da ya shafi ciwon. In kun dace da ma'aikaci mai mutunci, ku riƙe shi, ku riƙe karnen asibiti guda.

Ki shirya kuɗi. Kyautar magani da aka fara a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar ce da mata masu ciki, tsoho shi ke biya. In aka kwantar da shi kuma, sai da mai jinya da zai sayo ordonas, ya kawo abinci, ya kwana a tabarma. Abokan sana'arsa da yaran da ya yi renonsu a gindin murhu danginsa ne. Kada kunyar mutane ta sa ki kore su, ku raba kwana.

Rantsuwar fa? Ki tambayi malami: wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, yana yin alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Wannan ba zai gagari mai tuwon tasha ba. Gobe kada ya karya kumallo, ku fita tun bayan asuba. In yatsan ya fara baƙi, ko yana wari, ko zazzaɓi ya shigo, ku tafi a daren nan.