Amsa ga ƙanena mai ciwon kwatangwalo da ke shirin zuwa karatu Ingila

Assalamu alaikum ƙanena,

Na yi murna da samun gurbin digiri na biyun nan, Allah ya sanya albarka. Ka ce ciwon kwatangwalo ya raba ka da ƙwallo, likita ya duba hoto ya ce kan ƙashin cinyarka na gugar bakin kwarmin da yake zaune a ciki. Wani kuma ya gaya maka cewa a nan Ingila, in mutum ya shiga gwajin magani, tiyata kyauta ake masa har a sallame shi da kuɗi. Kana tambaya ko ka ɗora lissafinka a kan haka. Don Allah kada ka ɗora.

Likitocin nan FAI suke kiran ciwon. Ko dai kan ƙashin bai yi zagaye sosai ba, ko bakin kwarmin ya yi tsawo ya rufo, sai su riƙa cin guringuntsin da ke tsakani. Shi ya sa tsugunon alwala ke maka wuya, zaman tahiya ya zama aiki, in ka daɗe a mota sai ka fito kana dafe da matsematsi. Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. 'Yan ƙwallo da yawa ƙashinsu na da wannan siffar kuma lafiyarsu ƙalau. Tun 2016 masana suka daidaita a kan cewa sai an haɗa uku: ciwon da mutum ke ji, abin da likita ya gano da ya murɗa ƙafar, da abin da hoto ya nuna.

An yi gwajin, wannan gaskiya ne. Mafi girma shi ne UK FASHIoN, wanda Jami'ar Warwick ta jagoranta a asibitocin gwamnati 23, aka buga sakamakonsa a 2018. Mutum 348 suka shiga. Ga abin da mai ba ka labari bai faɗa ba: ba kai ke zaɓar magani ba, ba kuma likitanka ba. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Mutum 171 suka faɗa ɓangaren tiyatar da ake yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, a kankare ƙashin da ya yi yawa. Sauran 177 aka haɗa su da masu gashin ƙashi, zama 6 zuwa 10 na motsa jiki cikin 'yan watanni. Wato wanda ya shiga don kwaɗayin tiyata yana iya ƙarewa a kan tabarmar atisaye. Kuma ba a cuce shi ba, domin bayan shekara ɓangarorin biyu duk sun samu sauƙi. A ma'aunin lafiyar kwatangwalo mai maki 100, inda ƙarin maki ke nufin sauƙi, 'yan tiyata sun tashi daga kusan 39 zuwa 59, 'yan atisaye daga kusan 36 zuwa 50. Tiyata ta fi, amma ka lura ko ita ba ta mayar da mutane garau ba. Wani gwajin da aka jagoranta daga Oxford, mai suna FAIT, da mutum 222, ya samu kusan haka a 2019. Dukansu an rufe ɗaukar mutane tuntuni.

Batun kuɗi kuwa, ka cire rai. Irin wannan gwajin na marasa lafiya, in an ba da wani abu to galibi bai wuce kuɗin mota ba. Masu biyan kuɗi da kauri su ne masu gwada sabon magani a jikin lafiyayyu, kuma wannan harka ce daban da ba na so ka leƙa don neman kuɗin haya.

Ba a kuma shiga daga Najeriya. Sai ka iso, ka yi rajista da likitan unguwa, shi ya tura ka wurin likitan ƙashi, ka bi layi na watanni. In akwai gwajin da ke ɗaukar mutane a asibitin, su za su yi maka tayi. Tiyatar ma ba sai ta hanyar gwaji ake samunta ba. Kuɗin lafiya da za ka biya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun 2024, shi ya ba ka damar ganin likita kamar kowa. Ka kuma auna lokacinka: karatunka shekara ɗaya ne, bayan tiyata akwai makonni a kan sanduna, ga sanyi, ga hawa bene, ga rubutun kammalawa.

Ka ce Hajiya da ta ji kalmar gwaji hankalinta ya tashi. Ina tare da ita, tsoronta na da tushe. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Ka gaya mata a nan ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya amince. Za a ba ka takardar bayani ka tafi da ita gida, ba ka sa hannu sai ka gamsu, kuma duk ranar da ka ga dama ka fita ba tare da an rage maka kulawa ba. In an yi maka tayi, ka tambaye su abin da kowane ɓangare zai samu, illar da aka sani, da yadda za a bibiye ka in bizarka ta ƙare ka koma gida. In sharuɗɗan sun kwanta maka, shiga alheri ne, domin da irin waɗancan 348 aka san abin da na faɗa maka a sama.

Kafin ka taso, ka yi gwajin jini ka tabbatar da matsayinka na sikila. A wajenmu tana cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya a jikin matasa, ciwonta na kama da naka, maganinta kuma daban. Ka fara zuwa sashen gashin ƙashi tun yanzu, kada ka jira Ingila. Hotunanka kuma ka sa a kwafa maka a faifai, ka haɗo da rahoton likita a jakar hannu.

Ka gaida Hajiya da sauran mutanen gida.

Yayanka.