Zakunan Voltron ɗin da na saya a gwanjo, na Japan ne ko jabu?

Tambaya: Salam Malam. Na samu mutum-mutumin nan na zakuna biyar da muke kallo a NTA muna yara, wato Voltron, a wajen wani mai kayan gwanjo. Yana da nauyi, ƙarfe ne, mai kayan ya rantse min na Japan ne tun na da. Ba kwali, kuma a cikin zaki ɗaya naga an rubuta Taiwan. Dan Allah ya zan gane ko na asali ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don zakunan nan suna cikin kayan wasan da aka fi yi wa jabu a duniya.

Asalinsa ba Voltron bane sunansa, Golion ne. Kamfanin Toei na Japan ya yi katun ɗin a 1981, shi kuma kamfanin Popy, wanda reshen Bandai ne, ya ƙera kayan wasan a wannan shekarar da lamba GB-36, cikin jerin da suke kira Chogokin, irin waɗanda ake zubawa da ƙarfen tutiya a haɗa da roba, jerin da ya fara da Mazinger Z a 1974. Sai a 1984 Amurkawa suka ɗauki katun ɗin suka sa masa Voltron, kamfanin kayan wasa na Matchbox ya riƙa sayar da zakunan a can. Da abin ya yi kasuwa sai masu kwaikwayo a Taiwan suka shigo, wanda aka fi sani a cikinsu shine Lionbot.

To kaga nauyin da ya burge ka ba hujja bane, shima Lionbot ƙarfe ne kuma yana da nauyi, yana haɗuwa ya rabu kamar na asali. Kalmar Taiwan ita kaɗai ma bata kashe magana ba, saboda shi kansa Matchbox akwai zakunansa na halak da aka yi a Taiwan. Abinda zaka nema shine hatimin kamfani a jikin abin. Ka kifa kowane zaki ka duba ƙasansa ko'ina, na asali zaka ga alamar haƙƙin mallaka, wannan ƙaramin c ɗin cikin da'ira, da sunan mai shi kamar Bandai ko Toei. Jabun zamanin yawanci sunan ƙasa kawai yake ɗauke da shi, ko ka tarar da wajen a shafe sumul kamar an goge. Kuma dan Allah ka duba duka biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, baƙi da ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, don akan samu haɗe-haɗe a kasuwa, zaki uku na gaske biyu na Lionbot, wani lokacin ma mai sayarwan shi kansa bai sani ba, haka ya same shi. Saboda haka kar ka yi saurin cewa mutumin ya cuce ka.

Bayan hatimi sai hannu. Ni na fi yarda da hannuna akan ido. Mai jabu bashi da mazubin kamfani, kayan da aka gama yake kwafa ya yi nasa mazubin, shi yasa zane-zanen jiki suke fitowa a dakushe, haƙoran zaki ba kaifi, layukan fuska kamar sun ɗan narke, a gefen roba kuma zaka ji ɓurɓushin da ba a aske ba. Ka lanƙwasa ƙafa kaji, ka cusa jan zakin a kafaɗar baƙin, na Popy yana shiga ya kama da ƙara ɗas, shi kuwa jabu ko dai ya yi lagwai-lagwai yana zamewa ko ya ƙi shiga sai ka danna har kana jin tsoron karyewa. Fenti ma yana tona asiri, yakan malala ya haura layi musamman wajen idanu da ƙirjin baƙin zaki, kuma ƙyallin azurfan ƙafafu siriri ne, saurin ɓarewa gare shi.

Wani abin da yake rikita mutane, na Japan yana harbi, akwai sifirin da yake cilla ƙananan makamai, na Matchbox kuwa an rage masa wannan saboda tsoron kar yara su haɗiye. Lionbot tunda na Japan ya kwafa sai ya zo da harbinsa. Kenan in naka yana harbi, an rubuta Taiwan, ba sunan kamfani, to kusan na tabbata Lionbot ne a hannunka.

In kuwa shine, ni dai ban ce ka yar ba. Tun shekarun 1980 yake a duniya, akwai masu tara shi da gangan, kuma yaran da iyayensu basu iya sayen na Bandai ba da shi suka yi wasa. Kuɗinsa ne dai bai kai na Popy ba ko kusa, balle mai kwalinsa da takobi da sitikun da ba a liƙa ba, don haka in farashin na Japan ka biya ka koma ku yi magana da mai kayan cikin mutunci, ka nuna masa wajen hatimin.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka ba ƙaramin yaro ya yi wasa da shi. A 1986 an janye wasu zakunan Matchbox da aka yi a Taiwan daga kasuwar Amurka saboda dalma a fentinsu, to in na kamfani ya samu wannan matsalar ina ga wanda ba wanda ya duba shi. Ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka aje a kabad mai gilas nesa da rana don kar robar ta canza kala, ka wanke hannu in ka gama taɓawa. In da hali ka turo min hoton cikin zakunan biyar da haske mai kyau, zan faɗa maka wanne ne wanne.