Amsa: Wane shafin girki ne abin dogaro?

'Yar uwa, kin tambayi shafukan intanet da za ki dogara da su, tunda wasu girke-girken ba sa fitowa yadda aka nuna su a hoto.

Ni dai Serious Eats na fi so. Ba su tsaya ga "zuba wannan, zuba wancan" ba, sai sun faɗa miki dalili: me ya sa ake tsane nama kafin a soya, me ya sa albasa ke yin zaƙi idan ta daɗe a kan wuta kaɗan-kaɗan. Da zarar kin gane dalilin, ko wayar ba ta hannunki za ki iya.

Allrecipes ya daɗe, tun 1997. A can, ki fara karanta ra'ayoyin waɗanda suka gwada, su ke tona asirin ko sukari ya yi yawa.

In harkar burodi da kek ce, King Arthur Baking na ba da awo da giram, kofin fulawa ɗaya giram 120. Don Allah ki nemi ƙaramin sikeli, awon kofi yana yaudara.

Ranar da kika rasa abin dafawa kuwa, ki rubuta wa SuperCook kayan da suka rage a kicin, ya zaɓo miki girki.