Me ya haɗa yis da binciken ciwon daji?

Ka tambayi dalilin da ya sa masu neman maganin ciwon daji suke amfani da yis a bincikensu. Ai ciwon daji rabuwar ƙwayoyin jiki ce ba birki, kuma ƙwayoyin gadon da ke juya wannan rabuwa kusan iri ɗaya ne a yis da mutum. A 1987 ɗakin binciken masanin kimiyya Paul Nurse ya ɗauki yis da ƙwayar gadonsa mai juya rabuwa, wato cdc2, ta lalace, ya dasa masa irinta ta mutum, sai yis ɗin ya ci gaba da rabuwa lafiya lau.

Ga sauri kuma: a zafin digiri 30, yawan yis na burodi kan ninka cikin kimanin minti 90. Amma a kula, yana da famfo irin su Pdr5 masu tofar da magani waje, har ka zaci maganin ba ya ci. Shi ya sa ake cire ƙwayar gadon famfon kafin gwaji.