Tambayi Likita: Yara, Waya da Kafafen Sada Zumunta

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 kwana yake a kan TikTok, da safe sai gyangyaɗi a aji. Akwai maganin barcin da zan ba shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi maganin barci. Mai shekarunsa na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Hasken waya yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke kawo barci, ga bidiyo wannan na ƙarewa wani na shigowa. Ki karɓi wayar awa ɗaya kafin kwanciya, ta kwana a ɗakinki. Ki haɗa asusunsa da naki ta Family Pairing, tsarin sa idon iyaye da ke cikin TikTok, ki ƙayyade masa lokaci. Ki duba shekarun da ya rubuta: TikTok ba ya barin ɗan ƙasa da 16 ya yi saƙon sirri, shi ya sa yara ke ƙara wa kansu shekaru.

Tambaya: 'Yata mai shekara 3 ba ta cin abinci sai an kunna mata waya. Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo. Mai ci yana kallo ba ya gane ya ƙoshi. Ku ci tare, ba waya. Za ta yi rigima na 'yan kwanaki, ki daure.

Tambaya: Wani ya yaudari 'yata mai shekara 15 a Instagram, ya karɓi hotonta, yanzu ya ce ko kuɗi ko ya yaɗa. Ta daina ci, ta daina magana. Daga wani uba a Kano.

Amsa: Malam, don Allah kada ka dake ta. Tsoron iyaye shi ne makamin mutumin nan, cutarta aka yi. Kada ka biya ko sisi, wanda ya biya sake tatsarsa ake yi. Ka ɗauki hoton saƙonninsa da sunan asusunsa tukuna, sannan ka kai ƙararsa a manhajar, ka toshe shi, ka je wurin 'yan sanda. Shafin Take It Down na taimakawa a cire irin hoton daga manyan kafafe, kyauta, ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Abin da ya fi damuna shirun nan ne. Ka tambaye ta cikin lallami ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin. Ku kawar da fiya-fiya, shinkafar ɓera da magunguna, kada a bar ta ita kaɗai, ku kawo ta asibiti yau.